Difloma a poli da fita koyon aiki: waɗanda suka yi, yaya ta kasance muku?

Uwar ɗalibi, Funtuwa:
Assalamu alaikum. Ɗana ya gama sakandare bana, makinsa na JAMB bai kai na injiniyan lantarki a jami'a ba. Babansa na so ya zauna ya sake rubutawa baɗi, shi kuwa yaron ya kafe sai difloma a poli. Tun yana firamare ba ya barin fanka ko rediyo su zauna lafiya a gidan nan. Abin da ke damuna shi ne tura yara wurin aiki da ake yi a tsakiyar karatu. Ana koyon wani abu da gaske, ko ɓata watanni ne? Don Allah daga bakin waɗanda suka yi da kansu nake so in ji.

Mai haɗa sola, Kano:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni ta wannan hanyar na bi, kuma da ita nake riƙe da iyalina yau. Fitar sau biyu ce. Ta farko SIWES, wato shirin tura ɗalibai koyon aiki, na wata huɗu ne bayan an gama shekarar farko ta ND (ƙaramar difloma), tsarin da ITF, hukumar horar da ma'aikatan masana'antu, ta kawo tun 1973. Ta biyu shekara guda cif bayan an gama ND, kafin a koma HND (babbar difloma), ita ce ɗalibai ke kira IT.

Wata huɗun nan a wurin wani mai wayarin gidaje na yi su. Mako biyu na farko ba abin da na taɓa sai tsani da fasa bango don binne bututun waya. Raina ya ɓaci sosai, har na ce wa mahaifiyata ni ba leburanci na je koyo ba. A mako na shida maigidan ya ce in haɗa akwatin rarraba wuta na wani gida mai ɗaki huɗu ni kaɗai, shi kuma ya koma bakin ƙofa ya zauna yana ɓarar gyaɗa. Ana kunnawa sai muka ji tas, wuta ta ɗauke. Bai ce mini uffan ba, mita kawai ya miƙo mini ya ce in nemo laifina. Sai bayan la'asar na gano na gama wayar nutiral da ta ƙasa wuri ɗaya. An zana mana wannan a allo, na ci jarrabawarsa ma, amma sai ranar ya zauna mini a kai. Shekarar IT kuma a wani kamfanin sola na yi ta, can na koyi lissafin batir da infata, kuma masu gidajen da na fara yi wa aiki da sunana duk a can muka saba.

Wadda ta karanci kwamfuta, Bauchi:
Mama, ni tawa ba ta yi daɗi haka ba, kuma gara ki ji. Na yi sakaci ban nemi wuri da wuri ba, sai wani ɗan uwa ya kai takardata wani ofis saboda yana kusa da gida. Wata huɗu aikina hoton takardu da kai fayil daga wannan tebur zuwa wancan. Kwamfuta ɗaya ce mai aiki a ɗakin, ita ma ba a barin ɗalibi ya taɓa. Littafin da ake ba mu mu rubuta abin da muka yi kullum, a makon ƙarshe na zauna na cika shi, aka buga mini hatimi ba wanda ya karanta. Ko kuɗin mota ba su taɓa ba ni ba. Ƙawata da ta je wani ɗan ƙaramin shagon gyaran kwamfuta a kasuwa ta dawo tana kwance laftof tana ɗaurawa. Har yau abin yana ci mini rai. Idan ɗanki ya shiga, tun zangon farko ya fara zagaya wuraren da kansa, ya ga ko suna barin yara su riƙe kayan aiki.

Ma'aikacin gwamnati mai HND, Gusau:
Hajiya, maganar maigidanki ma ba ta faɗi ƙasa ba. Bambancin da ake nunawa tsakanin mai HND da mai digiri yana nan, musamman wajen ƙarin girma, na ɗanɗana shi. A 2021 Majalisar Tarayya ta amince da ƙudirin kawar da shi, amma ba a sa masa hannu ba. Sai dai ƙofar jami'a ba ta rufe wa mai ND ba: idan sakamakonsa ya yi kyau, zai iya shiga aji biyu kai tsaye ta JAMB. Kin ga shekarar da zai yi a gida yana jira, ya yi ta a aji. Kuma kafin ku biya ko kwabo, ku tabbatar NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha da ke Kaduna, ta amince da kwas ɗin a wannan makarantar. Sunan makaranta kaɗai bai isa ba, kwas-kwas ake tantancewa, kuma wanda ya yi HND a kwas ɗin da ba a tantance ba yakan sha wuya wajen tafiya hidimar ƙasa.

Mai walda, Panteka, Kaduna:
Ɗaliban poli suna zuwa mana duk shekara. Wani ranar farko zai tambaye ni inda zai sa hannu, irin wannan sai ƙarshen wata nake sake ganinsa. Wani kuma zai zo da tsohuwar riga a leda ya tambayi ina tabarau na walda. Shi nake tsayawa in nuna wa yadda ake riƙe hannu kada ƙarfe ya huje. Biyu daga cikin yaran da ke aiki da ni yanzu haka suka fara.

Uwar ɗalibi, Funtuwa:
Allah ya saka muku da alheri. Na karanta wa babansa duka jiya da dare, maganar shiga aji biyu ta sa ya ɗan sassauta. Ranar Litinin yayansa zai duba maganar tantancewar. Malam na Kano, shin kuna karɓar ɗan SIWES daga wata jiha, in yana da inda zai sauka? Ƙanwata tana aure a Kurna.