Ƙanena na son taka sawu daga Degel zuwa Gudu shi kaɗai, in ƙyale shi?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nike nema. Ƙanena mai bi mani, shekararsa 24, ya gama karatun tarihi bara, ya ɗauki alwashin sai ya bi hanyar da Shehu Usmanu ya bi lokacin hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. Da ƙafa, shi kaɗai, cikin watan Afrilun ga. Ya sayi jakar baya da takalmi, ya ce taswira na cikin wayarsa.

Da farko dariya na yi, na ɗauka irin tattakin 2015 ne da samari suka riƙa yi bayan zaɓe, a bi bakin kwalta ana ɗaukar hoto. Amma shi ba kwalta zai bi ba. Abin da ya hana ni barci kuma labarin wata mata ce da na karanta, 'yar Amurka, ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, mai shekara 66. Akwai wata hanyar ƙafa can da ake kira Appalachian, tsawonta ya kai kilomita 3,500, daga jihar Jojiya har jihar Maine. Matar ta riga ta taka kimanin kilomita 1,500. A Yulin 2013 ta ratse daji don ta kama ruwa, ta juyo ba ta ga hanya ba. Ta tura wa mijinta saƙo bai tafi ba, ta hau tudu neman sabis, ta ƙara nisa. Ta kafa tanti tana rubutu cikin littafinta kusan kwana 26. Sai Oktoban 2015 aka tsinci gawarta, tsakaninta da hanyar bai wuce kilomita 3 ba. Kilomita uku fa! Kamar daga gidanmu zuwa babbar kasuwa.

In hana shi da ƙarfi, ko in bar shi ya gwada? Inna ba ta ma sani ba tukun.

Baffan Kanwuri:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ni na yi fataucin jakai tsakanin Gwadabawa da Ƙonni ina saurayi, na san ƙasar ga da tahin ƙahwata. Hwaɗa ma ƙanenka Shehu bai tahi shi ɗai ba, da jama'a yat tahi, da iyali da dabbobi, kuma ga ƙarshen sanyi anka yi ta, watan Fabrairu. Shi wa yab ba shi shawarar Afrilu?

Mu da muna tahiya, bayan Asuba muka ɗaura kaya, hantsi ya yi mu sauka gindin ice, ba mu tashi sai La'asar ta yi sanyi. Kuma ba mu bin hanyar da ba mu san rijiyar da ke gabanta ba. Dajinmu ba duhu garai ba awa na Turawa, amma ya hi ruɗi, don ko'ina iri guda na: geza, sabara, rairayi. In ka ɓace kab bi burtali, kashin shanu sabo shi ka kai ka ga ruga ko mashaya. Yaran yanzu wa as san wannan cikinsu?

Anti Nas, Runjin Sambo:
Baffa ya gama magana, amma bari in ƙara ta ɓangarenmu. Duk bazara muna karɓar waɗanda rana ta kayar, galibi leburori da masu tura ruwa, mutanen da suka fi ƙanenka sabo da wahala. Zafin Sakkwato a Afrilu yana haura digiri 40 kusan kullum, mai tafiya da kaya a baya kuma yana iya zubar da gumin lita guda cikin awa ɗaya. Ka lissafa mani jarka nawa zai goya.

Mugun abin shi ne zafi hankali yake fara taɓawa. Ciwon kai, jiri, fitsari ya yi ja ya ragu, daga nan mutum ya soma sambatu. Wanda ya kai nan ba ya iya ceton kansa, sai wani ya ja shi inuwa, ya jiƙa masa jiki yana yi masa fifita. Shi kaɗai wa zai yi masa? In dai ya nace, ya riƙe haɗin gishiri da sukari: ruwa lita 1, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali. Waya kuwa in ta sha rana kashe kanta take yi.

Direban Illela:
Ku kuna ta zancen rana da ƙishirwa. Yallaɓai, Gudu da Tangaza yanzu wa ke shiga dajinsu haka kawai? Ba ku jin labarin 'yan bindigar nan, Lakurawa? Baƙon fuska, da jaka a baya, yana ɗaga waya yana ɗaukar hoto, ko 'yan banga suka gan shi sai ya yi bayani da kyau. Ni mota nake ja kan titi, kuma Magariba ba ta samuna a hanya.

Ɗan Mabera:
Na gode ƙwarai, Allah shi saka da alheri. Jiya da dare na miƙa masa wayar ya karanta da kansa. Maganar Anti bai kula ba, wai yana motsa jiki. Ta Baffa ce ta kama shi, ya yi shiru, ya je ya buɗe littafinsa ya duba watan. Yanzu ya ce sai Disamba, da abokansa biyu, kuma daga Degel su tsaya Kalmalo, Gudu sai ƙura ta lafa. Na ce sai ya samo ɗan gari da zai yi musu ja-gora, ya ce ba shi da kuɗin biyansa.

Baffa, akwai wanda ka sani a Gwadabawa da har yanzu ƙafarsa ke da ƙwari? Ni zan biya.