Jirgin yaƙi mai nitso a teku: girma ake dubawa ko me?

Ɗan Garwa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya da dare a teburin mai shayi na unguwarmu gardama ta kaure kan jiragen yaƙin nan masu nitso a ƙarƙashin teku. Wani ya nuna mana bidiyo a Facebook na Typhoon ɗin Rasha, tsawonsa mita 175, ya ce duk duniya ba kamarsa, ni kuma na tsaya kan Ohio na Amurka saboda makamai masu linzami na Trident da yake ɗauka, har mai shayi ya kwashe kofunansa ba mu daidaita ba. Mu nan kogin Binuwai muka sani, shi ma da rani yashi ya fi ruwa yawa, amma abin ya tsaya min a rai. Don Allah me ake dubawa a ce wannan ya fi wancan? Girma, gudu, zurfi ko yawan makamai?

Malamin lise, Marwa:
Wa alaikumus salam ƙanina. Duk abubuwan da ka lissafa suna da amfani, amma ka bar babban a baya, wato shiru. A can ƙasa duhu ne, rada ba ta aiki a cikin ruwa, kunne kawai ake amfani da shi, na'urar sona, akwai mutanen da aikinsu kenan su zauna da abin sauraro a kunne awa da awanni suna rarrabe kukan kifi da ƙarar farfela. Wanda aka fara ji shi ne ya mutu. Tarayyar Sobiyet ta taɓa ƙera K-222 da ya yi gudun sama da kilomita 80 a awa cikin ruwa, har yau ba a ji wanda ya karya wannan ba, amma in ya taka gudun ƙararsa daga nesa ake jinta, guda ɗaya tak suka yi. Shi kansa Typhoon na ƙarshe an sallame shi a 2023.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki. A watan Fabrairun 2009 Vanguard na Ingila da Le Triomphant na Faransa suka yi karo a tsakiyar Atlantika, kowanne ɗauke da makaman nukiliya, kowanne da na'urorin sauraro na zamani, amma ba wanda ya ji zuwan ɗan uwansa. Ka duba faɗin tekun nan fa! Ni a wurina wannan karon ya fi duk wani bidiyo nuna inda gwanintar take. Kamar kada ne a bakin ruwa, ba ka sanin yana nan sai ya kama.

Mai gareji, Kusiri:
Malam ya yi gaskiya, bari in ƙara ta ɓangaren inji tunda nan ne sana'ata. Kala biyu ne, mai nukiliya da mai gazwal (man dizal) da batir. Mai gazwal kamar gidan da ke da grup, wato janareta, da batir ne, in grup na aiki duk layi sun san kana nan, in ka kashe ka koma batir tsit kake ji. Matsalar batir na ƙarewa, dole ya taso dab da saman ruwa ya miƙo bututu ya shaƙi iska ya tada inji ya yi caji, to a nan ake kama shi. Mai nukiliya shi ba ruwansa da wannan, iskar shaƙa ma daga ruwan teku yake cirewa, abinci ne kawai ke dawo da shi gida bayan kamar wata uku, sai dai injinsa ba a kashe shi yadda ake kashe grup, dole kullum ana sanyaya shi, don haka ba ya yin tsit kamar mai batir. Shi ya sa Gotland na Suwidin, ɗan ƙarami mai kusan mita 60 da injin Stirling wanda ba ya buƙatar iskar waje, a atisayen 2005 ya laɓaɓa ya kai inda zai iya harbin katon jirgin Amurka mai dakon jiragen sama, Ronald Reagan, ya sulale ba a gan shi ba. Shekara biyu Amurka ta riƙe shi haya tana koyon farautarsa. Amma kar ku ce na ce ya fi, a tura shi tsallake teku mai nisa mai nukiliya zai bar shi a baya sosai.

Yaya Babba, Njamena:
Ƙannena ni mutanen ciki nake tunawa. Kursk na Rasha sabo ne, bai cika shekara shida da fara aiki ba, a watan Agustan 2000 nakiyarsa, irin wadda ake harbin jiragen ruwa da ita, ta fashe a cikinsa mutum 118 suka rasu, wasunsu sun jima da rai a ɗakin baya suna jiran ceto cikin duhu. San Juan na Ajantina a 2017, ruwa ya bi ta bututun iska ya taɓa batir, mutum 44 suka rasu. Sannan a 1982 Conqueror na Ingila ya nutsar da jirgin yaƙin Ajantina, General Belgrano, da nakiya irin ta zamanin yaƙin duniya na biyu, alhali yana da sabuwa a ciki, kwamandan ya ɗauki wadda ya yarda da ita. Horo da kula da gyara, ni wannan zan sa gaba da komai.

Ɗan Garwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Har yanzu ina ganin Ohio da wuya a samu kamarsa a aikin da aka yi shi dominsa, wato ya ɓuya wata da watanni. To mu Afirka fa, akwai masu shi?

Malamin lise, Marwa:
Akwai. Aljeriya na da Kilo na Rasha, Masar da Afirka ta Kudu na da Type 209 na Jamus, dukkansu masu gazwal da batir ne. Kamaru ba mu da shi, a Duwala jiragen sintiri na saman ruwa ne, Chadi kuwa ba teku.