Wane katako zan yi allon siketbod da shi?

Dan_Fagge:
Salam 'yan uwa. Ƙanina ne ya dame ni da zancen siketbod, allon nan mai tayoyi da ake hawa, tunda ya gani a YouTube, tayoyi da ƙarafunan na samu na gwanjo, allon ne matsala. Na sa kafinta ya yanko min fulawud, ko kwana uku bai yi ba ya karye ta tsakiya yaro ya kurje gwiwa, hajiya har yanzu faɗa take min. Wane katako ake sawa ne don Allah?

Injiniya_Zariya:
Ai dole ya karye malam, fulawud na kasuwa cikinsa katako ne mai taushi, wani wurin ma rami ne, duba bakin da aka yanka za ka gani. Na kamfani falle 7 ne na icen maple mai tauri, wanda ke fitowa a Kanada da arewacin Amurka, kowane falle kaurinsa wajen milimita 1.5. Kuma ba jera su ake kawai ba, 5 jijiyarsu na bin tsawon allon, 2 kuma na uku da na biyar a gicciye ake sa su, su ne ke hana shi tsagewa gida biyu in an diro.

MaiZarto:
Maple kam ba za ka samu a 'yan katako ba sai dai oda, kuma kuɗin kawowa ya isa ka sayi sabon allo. Obeche kar ma ka fara, ƙusa ma da ƙyar yake riƙewa. Ni da icen birch mai milimita 3 na yi, falle huɗu, amma dogon allo ne na yawo, ba ya lanƙwasuwa sosai a baki. Abin da ya ba ni wahala gam ne wallahi, da hunturu na yi, kafin in gama shafa falle na ƙarshe na farko ya fara bushewa, sai da na sake. Ka samu wanda zai taya ka, ku shafa da rola da sassafe.

Dan_Fagge:
To lanƙwasar gaba da baya fa oga, da me ake matsewa?

MaiZarto:
Mazubi mai siffar lanƙwasar allon za ka zuba da siminti, sama da ƙasa, ka sa fallen a tsakiya ka danne da jak ɗin mota, ya kwana a ciki. In ka fito da shi kar ka yi gaggawar yankewa, bar shi sati ɗaya a inuwa tukunna.

Dan_Fagge:
Sati ɗaya? Yaron nan sai ya cinye ni. Bari in fara neman jak.