Muhawara kan sa wa rubutu launin ja a gurbi guda na jadawalin kwamfuta

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Raina a ɓace yake, shi ya sa na kawo maganar nan gabanku. Ina rubuta wa wani Alhaji mai sayar da yadi a Kasuwar Barci ta Kaduna manhajar lissafi da Python, harshen rubuta manhaja, kuma abin da ya nema ba shi da yawa: a jadawalin masu karɓar kaya, adadin bashin da ya rage ya fito ja da kauri, sauran rubutun ya tsaya baƙi. Na yi amfani da Treeview, mai nuna jadawali a Tkinter, wato kayan gina fuskar manhaja na Python, sai na tarar cewa launin da aka ɗora yana bin layin kwance gaba ɗaya, sunan mutum da ranar ciniki da kuɗin duk su koma ja tare. Kayan aikin da ya kasa bambanta gurbi guda da maƙwabcinsa bai cancanci a yi wa ɗan kasuwa aiki da shi ba. Tkinter wasan yara ce.

Malamar Kawo: Wa alaikumus salam, ƙanena. Gaskiya ne cewa alamar salo a Treeview na Tk 8.6 tana hawa kan layi ne ba kan gurbi ba, amma ka janye kalmar yara. John Ousterhout ya fitar da Tk, tushen da Tkinter ke kai, tun 1991, da Tkinter aka gina IDLE, manhajar rubuta Python da ke zuwa tare da shi, kuma shi kansa Treeview ɗin ya shigo ne da Tk 8.5 a 2007. Abin da ya haura shekara talatin ana aiki da shi ba a kiransa wasan yara saboda ya ƙi yi maka abu guda.

Injiniyan Barnawa: Malama, ki yi haƙuri, yaron nan bai faɗi ƙarya ba. Mu da muka tashi a kan harshen Java mun san JTable, mai nuna jadawali, tun da Swing, kayan gina fuskar manhaja, ya shiga Java 1.2 a 1998. A can akwai mai zana gurbi wanda yake aiki kamar hatimi: guda ɗaya ne, ana gyara shi a buga a kowane gurbi bi da bi, don haka kana iya cewa idan layin tsaye na bashi ne kuma adadin ya wuce sifili, a sa ja da kauri. Har kalma ɗaya a cikin gurbi ana iya canza mata launi idan aka fara rubutun da alamar HTML, harshen tsara shafukan intanet. Sharaɗin kawai shi ne a mayar da launin baƙi ga sauran gurabe, in ba haka ba jan zai bi su. Kayan manya ke nan.

Mai gyaran kwamfuta a titin Ahmadu Bello: Injiniya, ranka ya daɗe, su wane ne manyan, su wane ne yaran? Tun da aka fara maganar nan na lura ana nufin duk wanda ya koyi Python da kansa, ba a aji ba, shi ne yaro. Ni a shago na koya, kuma kwamfutocin gwanjo da 'yan kasuwarmu suke saya nake gyarawa kullum. Manhajojin Java suna yi musu nauyi, kowa ya san haka.

Injiniyan Barnawa: Wane ne kowa? Kawo mana kwamfuta ɗaya da ka gwada manhajojin biyu a kanta ka auna. Kuma ban ambaci takardar shaidar kowa ba, kai ne ka kawo ta.

Mai gyaran kwamfuta a titin Ahmadu Bello: Ba sai na auna ba, hannuna ne yake cikin aikin. Idan ba ka ambaci takarda ba, me ya sa ka ce kayan manya?

Ɗalibi daga Unguwar Rimi: Yaya, wataƙila matsalarka ita ce kuskuren da ke cikin Tk 8.6.9, wanda ya sa Treeview ba ya nuna launin alama sam sai an yi masa gyara ta ɓangaren salo.

Ɗan Tudun Wada: Ba shi ba ne, ƙanena. Launin yana fitowa, yawa ma yake yi. Ina roƙon a dawo kan tambayata.

Hajiya mai kantin magani a Malali: Ni abin da ya dame ni daban ne, kuma ina ganin ya fi muhimmanci. Fuskar kwamfutar kanti tana kallon jama'a. Idan sunan magidanci ya fito ja saboda ana binsa bashi, maƙwabcinsa yana tsaye yana gani, an tozarta shi. Ko adadin kaɗai aka yi wa ja, a yi tunani. Ban da haka, akwai mutanen da idonsu ba ya raba ja da kore, kuma yawancin injinan buga rasit baƙi kawai suke fitarwa, saboda haka dole a haɗa launin da wata alama da za a iya karantawa.

Malamar Kawo: Hajiya ta faɗi magana, amma har yanzu ba a janye kalmar ba. Ɗalibaina mata da maza da Tkinter suke fara gina manhaja, wasunsu iyaye ne masu 'ya'ya, kuma ba zan yarda a raina ƙoƙarinsu ba. Wanda yake son launi a gurbi guda yana iya ɗauko tksheet, ƙarin kayan jadawali da ake ɗora wa Tkinter daga waje, ko ya jera Label, ƙananan akwatunan rubutu, a gurabe idan layukan ba su da yawa. Rashin bincike ne, ba laifin kayan aiki ba.

Injiniyan Barnawa: Malama, da bakinki kika ce ɗalibai ke farawa da ita. Kuma idan sai an ɗauko wani abu daga waje kafin a yi wa lamba ɗaya launi, ai maganar yaron ta tabbata.

Malamar Kawo: Ɗalibi daban, yaro daban, Injiniya. Kuma kai ma ka daina kiransa yaro, mai iyali ne.

Ɗalibi daga Unguwar Rimi: A kula da haruffa masu ƙugiya ma. Idan nau'in haruffan da aka zaɓa ba shi da ƙ da ɗ da ɓ ko alamar naira, kwamfuta takan aro su daga wani nau'in, sai sunan mutum ya fito rabi da kauri rabi siriri. Noto Sans da DejaVu Sans suna da su.

Shugaban zaure: Jama'a, magana ta yi tsawo, bari in taƙaita abin da na fahimta. An yarda cewa Treeview ba ya yin abin da ake nema, kuma an nuna cewa Java tana da nauyi ga kwamfutocin kasuwa. Abin da ya rage shi ne Qt, wata hanyar gina fuskar manhaja wadda nake aiki da ita tun da daɗewa. Da PySide ko PyQt, masu haɗa Qt da Python, ɗan'uwanmu ba zai bar Python ba, kuma a QTableWidget, jadawalin Qt, kowane gurbi abu ne mai zaman kansa, ana ba shi launi da setForeground, a ba shi kauri da setFont. In ana son kalma guda ta bambanta a cikin gurbi, sai a rubuta QStyledItemDelegate, mai zana gurbi, wanda ya shigo da Qt 4.4 a 2008. Matsayar zaure ke nan, ya koma Qt.

Injiniyan Barnawa: Ranka ya daɗe, babu wanda ya nuna nauyin Java, faɗa kawai aka yi, kuma kafin kai babu wanda ya ambaci Qt. A rubuta cewa ban amince da wannan matsayar ba.