Waɗanda ba sa cin nama a Jos: daga ina kuke samun sinadarin gina jiki?

Wata malamar makaranta, Unguwar Rogo:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina roƙon waɗanda suka daɗe ba sa cin nama su bayyana mini yadda suke tsara abincinsu a nan Jos. Tun ina ƙarama jikina ba ya karɓar nama, haka kuma kifi, amma ina shan nono, ina kuma cin ƙwai jefi-jefi. Yanzu da nake koyarwa safe da yamma gajiya tana damuna, Mama kuwa ta dage cewa rashin nama ne ya jawo. Yawanci da safe shayi da burodi nake karyawa da su, da rana dankalin turawa, da dare tuwon masara da miyar kuka.

Wani dattijo mai ritaya, Bukuru:

Wa alaikumus salam, 'yata. Ni ciwon gaɓɓai ne ya raba ni da nama, irin wanda yake kumbura babban yatsan ƙafa, domin likita ya ce in rage jan nama da kayan ciki, daga ragewa kuma na wayi gari na bar shi gaba ɗaya. Abin da na gani a jerin abincinki shi ne, daga safe har dare babu wake ko gyaɗa ko ɗaya, kuma dankalinmu na Bokkos da Mangu, duk daɗinsa, ƙoshi kawai yake bayarwa.

Abin da ya gyara mini jiki awo ne. A gidajenmu idan aka ce an dafa wake da shinkafa, sai ki tarar shinkafa ce zalla da ƙwayoyin wake tsilli-tsilli, har mutum zai iya ƙirga su a faranti. Na roƙi iyalina su riƙa daidaita su, gwangwani ɗaya na wake, gwangwani ɗaya na shinkafa. Da farko cikina ya yi ta kumburi, sai aka koma jiƙa waken tun dare, a zubar da ruwan jiƙon da safe, a dafa shi har ya yi luguf, kuma da ciki ya saba sai damuwar ta ragu ƙwarai. Gwaten acha da muke sha a nan Filato shi ma na sa ana zuba masa wake ko dakakkiyar gyaɗa, ranar da ba a dafa wake ba kuwa ɗanwake ko alala ko ƙosai ba sa yankewa a gidan.

Wata ma'aikaciyar jinya, Rayfield:

Baba ya taɓo inda matsalar take, zan ƙara da lissafi, tun da ni ma ba na cin nama, kuma aikina ya sa na saba auna abin da nake ci. Baligi mai lafiya yana buƙatar kimanin gram 0.8 na furotin, wato sinadarin gina jiki, a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, saboda haka idan nauyinki kilo 60 ne, ƙanwata, gram 48 kike nema. Gram 100 na busasshen wake, wanda bai ma cika gwangwanin madara ba, yana da kusan gram 23. Gyaɗa tana da wajen 25, waken suya kuwa ya kai 36. Ƙwai ɗaya yana ba da kamar gram 6, kofin madarar shanu ko kindirmo kamar gram 8, yayin da gram 100 na dankalin turawa bai wuce gram 2 ba. Idan kika ci waken nan da rana, kika ci ƙwai biyu da safe, kika sha kofin kindirmo da yamma, kin kai gram 43 tun ba a lissafa abin da ke cikin tuwo da burodi ba, alhali su ma suna da nasu rabon. Ki lura dai cewa nonon da ake tallarsa wani lokaci an sirka shi da ruwa, don haka mai kauri nake nema.

Batun haɗa hatsi da wake yana da dalili. Furotin ya ƙunshi ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, tara daga cikinsu jiki ba ya iya ƙera su, dole a ci su a abinci. Masara da dawa da shinkafa suna da ƙarancin wanda ake kira laisin, wake kuwa yana da shi da yawa amma yana da ƙarancin metiyonin, wanda hatsi yake da shi, kuma acha tana cikin hatsin da suka yi fice wajen wannan. Ba lallai ne a ci su a kwano ɗaya ba, muddin sun haɗu a cikin yini guda.

Wani ɗalibin Jami'ar Jos, mai ɗaga ƙarfe:

Anti, ni tsadar nama ce ta fara hana ni, daga baya na ga jikina bai yi asarar komai ba, sai na zarce. Masu motsa jiki irin nawa buƙatarsu ta fi gram 0.8 ɗin da aka ambata, ana ba su shawarar daga gram 1.2 zuwa sama a kowane kilo, kuma da kuɗin ɗalibi ƙuli-ƙuli ne ya rufa mini asiri, domin da yake an matse yawancin mansa, furotin ɗinsa ya fi na gyaɗa mai nauyi ɗaya da shi. Ina daka shi in zuba a koko, ina yin kwaɗon zogale ko na rama da shi, ina kuma sa shi a aljihu in tafi lacca. Sharaɗina ɗaya ne: gyaɗar da ta yi fumfuna ko take ɗaci ba na cin ta ko kyauta aka ba ni, saboda gubar da ke tattare da ita tana cutar da hanta. Ina kuma ba ki shawarar garin zogale, cokali ɗaya kullum, domin na ji ana cewa ya fi nama.

Wata Hajiya mai sana'ar awara, Gangare:

Ƙanwata, ni ina cin nama, amma babbar 'yata ba ta ci, kuma da awara na raine ta har ta yi aure ta haihu lafiya. Mutane sun ɗauki awara abin taɓa-ka-lashe na 'yan makaranta, alhali abinci ne cikakke idan an san yadda ake sarrafa shi. Ina sayen waken suya a kasuwar Katako, in tsince shi, in jiƙa ya kwana, in kai a markaɗa, in tace da ƙyalle mai laushi, sannan in dafa madarar har ta tafasa sosai. Wannan tafasar ba a yi mata gaggawa, domin waken suya da bai dahu ba yana ɓata ciki. Bayan nan sai in zuba ruwan tsami, ko na tsamiya ko wanda ya kwana a kan gasarar koko, madarar ta dunƙule, in kwashe a ƙyalle in danne da dutse ruwan ya tsane.

Ta gida ba na yawan soya ta. Ina yanka ta ƙanana in zuba a miyar taushe ko miyar alayyahu kamar yadda ake zuba tsoka, ta sha daddawa da attarugu, kuma baƙi da dama sun ci sun yi santi ba su tambayi nama ba. Wadda ake saya a bakin titi takan sha mai da yawa, wani lokaci man ma an maimaita shi har ya yi baƙi, shi ya sa nake ganin gara ki sayi ɗanyar ki dafa da kanki. Dusar da ta rage bayan tacewa ita ma ba ta dabbobi kaɗai ba ce, ina cuɗa kaɗan a garin tuwo. Kuma tun da tuwon masara kike ci kullum, ki sa a haɗa miki mudu ɗaya na soyayyen waken suya a cikin mudu huɗu na masara kafin a kai niƙa, haka nake yi, ɗanɗanon bai sauya sosai ba.

Ma'aikaciyar jinyar ta ƙara da cewa:

Ƙanena, maganar zogale ya fi nama ban yarda da ita ba. Gaskiya ne busasshen ganyen yana da furotin da ya kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, amma cokali ɗaya na garin gram kaɗan ne, abin da zai ba ka bai wuce gram 2 ba. A kwaɗon da kake ci, ƙuli-ƙulin ne yake ɗaukar nauyin gina jiki, zogalen yana kawo nasa amfanin ta wata fuska.

Malama kuma, gajiya ba kullum daga ƙarancin furotin take zuwa ba. Macen da ba ta cin nama ta fi fuskantar ƙarancin sinadarin ƙarfe, wanda ke jawo ƙarancin jini, kuma shayin da ake sha tare da abinci yana rage yadda jiki ke tsotsar ƙarfen da ke cikin wake da ganye, yayin da lemo da tumatir da gwaiba suke ƙara shi. Ni na mayar da shayina tsakanin abinci. Sai kuma bitamin B12, wanda babu shi a wake ko gyaɗa ko zogale, a nono da ƙwai da nama ake samunsa, don haka ƙwai jefi-jefi ba zai wadatar ba, wanda ya bar su duka kuwa dole ya sha ƙwayar bitamin ɗin. Ki je a auna jininki kafin a yanke hukunci. Mai ciwon ƙoda kuma kada ya ƙara furotin sai da izinin likitansa.

Wata uwa, Tudun Wada:

Sannunku da ƙoƙari. Mu a gidanmu muna barin nama a kwanaki arba'in na azumi kafin Ista, ni kuma na zarce da hakan tun bayan da hawan jini ya kama ni. Ba a ambaci gurjiya da agushi da riɗi ba, kuma su ne suke fid da ni idan yara sun gaji da wake. Gurjiya ina dafa ta da gishiri a ci da rana, agushi kuwa nakan dama shi da kauri da albasa in jefa shi dunƙule-dunƙule a cikin miya, in sayo ganye mai yawa daga Farin Gada, in ƙara daddawa domin ta maye ƙamshin romo.

Wahalar da na fi sha a wajen biki da gidan mutane take, inda ko an tsame miki nama, miyar da romonsa aka yi ta, mai gida kuma yana ganin kin raina abincinsa idan kika ƙi. Yanzu nakan sanar da uwargida tun kafin in je, 'yar'uwa, kuma sau da yawa sai in tarar an ware mini alala ko wake da manja a kwano daban.