Kwamfuresa ta waje tana karkatar min da sauti zuwa hagu wajen mastarin

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Kwana uku ke nan abu ɗaya ya hana ni sakat.

Ina mastarin waƙoƙina (wato gyaran sauti na ƙarshe kafin a fitar da waƙa) a gida da manhajar haɗa sauti ta Reaper. Da fulogin ɗin TDR Kotelnikov (kwamfuresa ce ta cikin kwamfuta, mai matse sauti don rage tazara tsakanin mai ƙarfi da mai rauni) komai na fita tsaf, sai dai ina son sautin ya ƙara kauri, shi ya sa na sayi ƙaramar kwamfuresa ta waje mai araha, wato na'ura ta zahiri, na haɗa ta da katin sauti ta hanyar ReaInsert, fulogin ɗin Reaper da ke tura sauti zuwa na'urar waje ya dawo da shi.

Na saita ƙimar matsewarta a 1.5:1, matsewar ba ta wuce 2 dB. Amma da zarar ganga ta buga, sai muryar da ke tsakiya ta zame hagu, ga wani shuu da ke fitowa idan limita (mai hana sauti wuce iyaka) ta ɗaga ƙarfin zuwa -14 a ma'aunin ƙarfin sauti na LUFS.

Na danna maɓallin kwamfuresar da ke haɗe ɓangaren hagu da na dama, na sauya wayoyi, na gwada matakan ƙarfin sigina na +4 dBu da -10 dBV. Shuu ɗin ya ragu kaɗan, karkatar tana nan. Da na tura sautin gwaji na 1 kHz, hagu ya fi dama da kusan 0.7 dB tun kafin matsewa ta fara.

Wannan bambancin ana iya gyara shi da saiti, ko in haƙura in koma fulogin? Na gode.