Hatimin dutse na tsohuwar Iraƙi: yaya ake gane na gaske, kuma doka ta yarda a saya?

Mai Tara Kayan Da:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Wani dillali a intanet ya tallata mini hatimin dutse irin na tsohuwar Iraƙi, wanda ake mirginawa a kan ɗanyen yumɓu hoto ya fito. Tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa ba, baƙi ne mai sheƙi, an huda shi daga sama har ƙasa, an kuma sassaƙa mutum a tsaye gaban wani abin bauta da ke zaune. Ya ce na zamanin Babila ne, ya haɗa da takardar shaida wadda shi da kansa ya sa wa hannu. Ta yaya zan tabbatar ba jabu ba ne, kuma mene ne matsayin sayensa a doka?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Siffar da ka bayar ta dace da hatiman tsohuwar Babila, wajen shekara ta 1900 zuwa 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin da masassaƙa suka fi amfani da baƙin dutsen nan mai sinadarin ƙarfe da ake kira hematit. Sana'ar ta girmi Babila nesa ba kusa ba, domin an fara ta a tsofaffin biranen Uruk (a Iraƙi ta yau) da Susa (a Iran ta yau) tun wajen 3500 kafin haihuwar Annabi Isa. Mai hatimi yakan rataya shi da zare, idan za a rufe tulu ko ƙofar rumbu ko kuma a ƙulla yarjejeniyar bashi, sai ya mirgina shi a kan yumɓun, ya zama shi ne sa hannunsa.

Dacewar siffa kaɗai ba hujja ba ce, saboda masu jabu hotunan gidajen tarihi suke kwaikwaya. Ka nemi a mirgina shi a kan laka a aiko maka da hoton, sannan ka nuna wa wanda ya iya karanta rubutun. A hatiman wancan zamani akan sassaƙa rubutun a juye ne domin ya karantu daidai a kan yumɓu, yawanci sunan mai shi da na mahaifinsa da na abin bautarsa. Mai jabu kuwa sau da yawa zane yake jerawa wanda ba ya ba da ma'ana, ko ya gwama tufafin wani zamani da alamomin wani. A duba ramin ma: hatimin zamanin da daga ɓangarori biyu ake huda shi, kuma bakinsa yakan cinye saboda gogar zare.

Hajiya Lauya:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ni abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne hatimin ya kasance na gaske. A watan Afrilun 2003 an wawashe gidan tarihin Iraƙi da ke Bagadaza, aka kwashe kaya kimanin 15,000, kusan 5,000 daga ciki irin waɗannan hatimai ne, domin suna shiga aljihu ba wanda ya sani. Bayan haka masu haƙar sata sun yi kaca-kaca da kufai da yawa a kudancin ƙasar. Hatimin da aka tono ta haka ya rabu da tarihinsa har abada, ba wanda zai sake sanin kabarin ko gidan da ya fito.

Ƙuduri mai lamba 1483 na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya hana cinikin kayan tarihin da aka fitar daga Iraƙi ba bisa ƙa'ida ba tun daga 6 ga Agustan 1990, ƙuduri na 2199 na 2015 kuma ya haɗa da na Siriya. A 2017 kamfanin Hobby Lobby na Amurka ya biya gwamnatin Amurka dala miliyan 3 saboda shigo da kayan tarihin Iraƙi ba bisa ƙa'ida ba, ya kuma miƙa dubban allunan yumɓu da hatimai da ya saya. Mu da muka ga yadda aka yi fasa-ƙwaurin gumakan Nok bai kamata mu zama kasuwar kayan satar wasu ba.

Dattijon Gwanjo:
Hajiya ta faɗi gaskiya, amma kada a ɗauka duk cinikin haramtacce ne. Akwai hatiman da suka shiga hannun masu tarawa a Turai da Amurka tun ƙarni na 19, irin tarin da ke ɗakin karatu na Morgan a New York, wasu kuma na tsofaffin iyalai suna fitowa gwanjo har gobe. Abin da masu saye na kirki suke nema shi ne salsalar kaya: rasit, ko kundin gwanjo mai hoto, da ke nuna hatimin ya bar ƙasarsa kafin yarjejeniyar hana fasa-ƙwaurin kayan tarihi ta 1970 ta UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Takardar da dillali ya rubuta wa kansa ba ta cikin wannan lissafi, ɗana. Ka tambaye shi a hannun wa hatimin yake kafin 1970, kuma a wane kundi aka buga hotonsa.

Mai Tara Kayan Da:
Na gode, Allah ya ƙara basira. Na aika masa da tambayoyin Baba, na kuma nemi hoton mirginawar kamar yadda Malam ya ce. Amsarsa ita ce daga "tsohon tarin wani Bature" ya fito, babu suna, babu shekara, don haka na shaida masa na fasa.